An kori Barbushe daga makaranta, an bar gumakan Indiya a falo

Saura kwana huɗu a yi bikin ƙarshen zango a makarantar da ɗana yake karatu a nan cikin garin Bauchi, sai ga sanarwa a zauren WhatsApp na iyaye cewa an soke wasan kwaikwayon 'yan aji biyar. Wani uba ne ya saki saƙon murya mai tsawo yana rantsuwa ana koya wa 'ya'yan Musulmi tsafi. Kafin la'asar saƙon ya zaga unguwanni, kafin magariba makaranta ta miƙa wuya. Wasan kuwa labarin zuwan Musulunci Kano ne: Barbushe a kan Dutsen Dala, Tsumburbura da ake bauta wa a cikin shingenta, sannan bayan ƙarnoni Wangarawa su iso zamanin Sarki Yaji su tsayar da salla. Wasan da aka shirya rufe shi da kiran salla, shi aka soke don kare tauhidi.

Ɗan nawa aka bai wa Barbushe. Mako uku yana zirga-zirga a tsakar gida da fatar ragon layya a kafaɗa, goshi duk gawayi, yana kumbura murya yana haddar duban da bokan ya yi wa mutanensa, cewa wata al'umma za ta zo ta karɓe ƙasar ta gina masallaci. Da na gaya masa an fasa, sai ya ce, "Baba, ai a ƙarshe mu ake ci da yaƙi. Ba su karanta ƙarshen ba ne?" Ba su karanta ba. Ko shafin farko ba wanda ya nemi a nuna masa.

Da abin na makarantarmu ne kaɗai da na haɗiye. Amma duk mai riƙe da waya ya san yayin da ake ciki. A ji amon garaya a fim, ko marubuciya ta ambaci Jangare, birnin iskoki, a littafinta, nan da nan wani zai kafa kyamara a gabansa ya fara yanke hukunci. An daina tambayar me labarin yake faɗa. Abin da ake dubawa kawai shi ne ko an ga ƙaho da jan ƙyalle.

Ban san daga wane malami muka gaji wannan tsoro ba, don ba daga na zaure ba ne. Alƙur'ani da kansa ya kira Lata da Uzza da Manata da sunayensu a Suratun Najmi, ya jero Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra a Suratu Nuhu, yaranmu kuma suna rera su kullum a gaban allo. Hishamu ɗan Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 3 na Hijira, littafi guda ya zauna ya rubuta a kan gumakan Larabawa: wace ƙabila ke bauta wa wanne, a ina yake, yaya ake yi masa yanka. Waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da takwarorinsa na zamanin jahiliyya, cike da giya da mata da yaƙin ƙabilanci, har gobe ana biya su baiti-baiti ana fassarawa da Hausa, domin ba a ƙwarewa a luga sai da su. Ba a taɓa jin almajiri ya tashi daga darasin ya je neman gunki ba.

Shi kansa labarin Barbushe wa ya adana mana? Malami Musulmi ne ya rubuta Tarihin Kano da Larabci, tun kafin Bature Palmer ya buga fassararsa a 1908. Bai ɓoye komai ba. Shi ya ba mu labarin Dirki, abin nan da aka naɗe da fatu aka yi ta yanka masa shanu zamani bayan zamani, sai da Sarki Alwali ya sa aka fasa shi da gatura aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Ka duba wannan labari da kyau. Wa'azi nawa za a yi kafin a nuna wa mutum yadda shirka ke sulalowa cikin gidan Musulmi ta lulluɓa da abu mai tsarki, kamar yadda wannan ya nuna a layi kaɗan? Idan yau wani ya ɗauke shi ya yi fim, na rantse kafin a kai ga gaturan an nemi a kama shi.

Nana Asma'u 'yar Shehu ma ba gudun bori ta yi ba, nazarinsa ta yi. Ta san me ke jan mata zuwa gare shi, ta san girman Inna ta Gobir, shugabar 'yan bori, a idonsu. Da ta kafa 'yan taru, ƙungiyarta ta karantar da mata, sai ta ɗauki malafar nan da aka san Inna da ita ta ɗora wa jajinta, matan da ke bin ƙauyuka suna karantarwa. Wanda bai san abu ba ba ya iya ƙwace masa tuta.

Yanzu mu leƙa falon masu saƙon murya. Ranar wata Asabar na tsaya wurin masu tura fina-finai a waya a gefen kasuwar Wunti. Yaro ya miƙa memori, mai kwamfuta bai ko ɗago kai ba ya ce, "Indiya fassara ko Turkiyya?" A allon da ke gabansa jarumi ne ya shiga ɗakin bauta, ya kaɗa ƙararrawa, ya durƙusa gaban gunki mai hannuwa da yawa, an ɗiga masa ja a goshi, ya fito ya karkashe abokan gaba su arba'in. Mai fassara kuma da Hausa garau yana cewa, "Allah ya amshi addu'arsa." Yara biyar na tsaye baki buɗe. Shekara nawa muna kallon macijiya tana rikiɗa mace, muna kallon wanda ya mutu ya sake dawowa a jikin wani? Tun zamanin silima. A jakar makarantar rabin 'yan ajin ɗana hoton Thor ne da gudumarsa, abin bautar mutanen arewacin Turai na da. Janairu da muke rubutawa a takarda sunan Janus ne na Rumawa, Maris kuma na Mars. Kai, allurar shan-inna da ake shela a rediyo, wace Inna ce ake nufi ta sha ƙafar yaro? Duk wannan bai tayar wa kowa da hankali ba. Na Dutsen Dala ne kaɗai, da yake kakanmu ne, ya zama abin ƙyama. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu cewa yaro ba ya bambance wasa da gaskiya, su zo in ara musu nawa na yini ɗaya.

In ana neman fim mai ɓata aƙida da gaske, akwai shi, kuma ba a soke shi. Shi ne na bokan Kannywood da kowa ya haddace. Kishiya ta yafa mayafi ta nufi bayan gari, ta tarar da ƙato a kogo yana ɓaɓɓaka dariya, ya ba ta ƙulli ta barbaɗa a miya. Daga nan miji ya zama sai yadda aka yi da shi, ya kori uwarsa, ya saki uwargida, dukiya ta koma hannun amarya. Haka za a ja zango bayan zango, asiri na ci kamar yankan wuƙa. Sai a fitowa ta ƙarshe a kira malam ya yi ruƙiyya na minti biyar, ta haukace, a rubuta "Alhamdulillah". Matar da ke zaune cikin baƙin cikin kishi ta kalli wannan, me ta tashi da shi? Ta tashi da cewa abin yana aiki, sai dai a yi hattara. Talla ce aka yi wa boka kyauta. Su kuma na gasken suna nan a TikTok da Instagram suna sayar da mallaka da farin jini da lambar waya a ƙasa, lokacin zaɓe kuma kowa ya san motocin da ke kwana a ƙofar wa. Ban ji saƙon murya a kansu a zaurenmu ba.

Abin da ba a yarda a nuna ba shi ne Bamaguje a matsayin mutum: manomi mai rumbu, mai uwar gona, mai tsoron rantsuwar ƙarya, wanda ya yi imani da abin da ya tarar har ranar da wani abu ya fi shi ƙarfi a zuciya. Alhali nan labarin yake. Mu a Bauchi ma ya fi kamata mu damu. Malaman da suka baro Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 ƙarƙashin Malam Hamza, kan rigimar haraji, cikin Butawa da Warjawa masu addinin gargajiya suka sauka a duwatsun Ningi, suka haɗa kai da su suka hana Kano da Bauchi barci shekaru da dama. Yaya aka yi wannan zama? Wa ya canza wa? Ga zanen da mutanen zamanin da suka bari a duwatsun Geji da Shira. Ga maƙwabtanmu na Dass da Bogoro da Tafawa Ɓalewa, Musulmi da Kirista, waɗanda kakanninsu na kusa suka yi bautar gargajiya. Yaron da bai san komai game da waɗannan kakanni ba sai hoton ƙato mai ƙaho a kogo, shi ne zai girma kalmar "arne" na tsalle a bakinsa, mu kuma a jihar nan mun san abin da wannan kalma ta jawo mana.

Kada a ɗauka ina tare da 'yan bokon da ke kiran bori "al'adunmu masu kyau" daga cikin ofis mai sanyi. Su je su tambayi matar da aka yi wa girka, wato aka shigar da ita bori, kuɗi nawa ta kashe.

Hani kuma an gwada shi. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Rubutun bai mutu ba, waya ya koma, inda babu mai tacewa, kuma duk wanda ya leƙa abin da ake turawa a zaurukan karatu na WhatsApp yanzu ya san an gudu gara an faɗa gidan zago. A Amurka wani coci ya ƙona littattafan Harry Potter a 2001, mai littafin ba ta fasa ciniki ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Makaranta ta riƙa tura wa iyaye rubutun wasa su karanta kafin wani ya karanta musu da ihu. Marubutan jihar nan da malaman tarihi su zauna da masu shirya fim, a samu malamin addini mai haƙurin karatu a cikinsu, a fara da labarin Ningi. Masu tacewa kuma su riƙa kallon fim har ƙarshe.

A ranar bikin, gurbin wasan sai aka cike shi da gasar cin biskit. Uban da ya yi saƙon yana layin gaba yana ɗaukar bidiyo. Fatar ragon kuwa kakar yaron ta karɓe, ta kakkaɓe gawayin, ta ce dama buzunta ya tsufa.