"Ai makaruhi ne kawai"

Wannan magana tana damuna matuƙa. Za ka ga mutum ya saki famfon masallaci yana zuba, yana wanke hannu sau huɗu sau biyar, ko kuma yana salla yana waige-waige yana wasa da gemu. Ka yi masa magana a hankali, sai ya ce: "Malam, ai makaruhi ne kawai, babu zunubi."

Na san inda ya samo ta. A makarantar zaure an karantar da mu cewa makaruhi shi ne abin da ake ba mai barinsa lada, ba a azabtar da mai aikata shi. Haka ne, amma malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, su ne suka tsayar da wannan ma'ana daga baya, don a rarrabe hukunce-hukuncen shari'a biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haramun. Magabata ba haka suke amfani da kalmar ba.

Ku buɗe Suratul Isra'i. Allah Ya hana shirka, da kashe 'ya'ya don tsoron talauci, da zina, da kisan kai, da cin dukiyar maraya, sannan a aya ta 38 Ya ce mummunan waɗannan duka "makruhan" ne a wurin Ubangiji. Wa zai ce mai yin zina ba shi da zunubi?

Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 bayan Hijira) ya tsaya a kan wannan a littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'ina. Ya nuna cewa su Imamu Malik da Imamu Ahmad sukan ce "akrahu", wato ina ƙin wannan, alhali haramci suke nufi. Tsoron Allah ne ya hana su saurin furta "haramun", saboda aya ta 116 a Suratun Nahli, wadda ta hana a riƙa cewa wannan halal ne, wannan haramun ne, ana ƙirƙira wa Allah ƙarya. Sai na baya suka ɗauki kalmar tasu suka ɗora mata sabuwar ma'ana, abu ya yi sauƙi a idon mutane. Hanafawa kuwa raba shi suka yi gida biyu: karaha ta tahrimi (mai kusa da haramci) da ta tanzihi (wadda barinta ya fi), kuma mai aikata ta farkon yana da laifi.

Ko mun tsaya a ma'anar na baya, 'yan'uwa, ba a ce a mai da shi al'ada ba. Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu 790 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Muwafaƙat cewa abin da yake makaruhi idan an yi shi jifa-jifa, hanawa ake yi idan mutum ya dawwama a kansa. Mai sakin famfon nan kuwa sau biyar yake yin haka kullum, shekara da shekaru.