Kuɗin da ba ya kwana ake cewa a tara?

To, mun ga bidiyon. Masu turo mini shi na gode, ya isa haka. Mutum ya shiga unguwar talakawa da mai ɗaukar hoto a bayansa, ya tattare ƙafar wando kada kwata ta taɓa shi, ya nuna matan da ke kasa kaya a bakin hanya, ya ce wai da suna ajiye ɗan wani abu kullum da tuni sun bar nan. Wai matsalarsu a ƙwaƙwalwa take. Sannu, ranka ya daɗe. Sannu da gano abin da ya gagari duniya. Mutum fiye da biliyan 1 ke zaune a irin waɗannan unguwanni a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ashe dukkansu labarin asusu ne bai kai gare su ba, sai da ka iso da makirufo.

Abin da bai sani ba, kuma bai tsaya ya tambaya ba, shi ne kuɗin talakan birni ba ya kwana. Da rana yake shigowa, kafin dare ya fita, kuma masu jiransa sun riga shi isowa.

Bankin Duniya a 2025 ya ɗaga ma'aunin matsanancin talauci daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana. Mai albashi in ya ji haka sai ya ɗauka ana miƙo wa mutum dala 3 kowace safiya. Ina! Yau 9 ce, gobe babu, jibi babu, gata 2, sannan a yi ruwan sama kwana biyu. In ka raba sai lissafi ya ba ka wani matsakaici mai kyau a takarda, amma ciki bai san matsakaici ba. Rarar ranar 9 ɗin ba rara ba ce, tun kafin ta zo an cinye ta bashi a wurin mai awo.

Ɗauki lebura. Asuba yake fita, ya biya kuɗin mota zuwa inda ake tsayuwa, da shebur ko diga a kafaɗa. Motar mai jinga ta tsaya, ana neman mutum 4, su 30 ne a wurin. In hantsi ya dubi ludayi ba a ɗauke shi ba, ranar ta mutu, kuɗin motar zuwa da na dawowa sun tafi. Ranar da aka ɗauke shi kuwa, ba lallai a sallame shi da yamma ba: siminti ya ƙare, mai gida ya yi tafiya, birkila bai karɓo ba, ka dawo gobe. Dawowar goben nan kuɗin mota ce ta biyu da kuma yinin aiki na biyu da ya salwanta wajen bin haƙƙin na farko. In ya samu kwana 15 a wata, kuɗin yininsa rabi ne ke nan, tun da kwana 30 ake ci. Wannan mutumin ake ce wa malalaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2018 ta ce mutum biliyan 2, fiye da kashi 61 cikin 100 na masu aiki a duniya, irin wannan aikin suke yi: ba takarda, ba hutun rashin lafiya, ba fansho. A Afirka kashi 85 ne da ɗoriya. Tun 1973 Keith Hart, wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Accra, ya rubuta cewa waɗanda ake ƙirgawa a marasa aikin yi aiki suke ba dare ba rana. Shekara 50 ke nan, mutuminmu bai samu labari ba.

Yanzu bari mu zo kan matan da ya nuna da yatsa, don a nan ne ya fi ba ni haushi, kuma a nan ne lissafinsa ya fi kama da gaskiya.

A Chennai ta Indiya an bi diddigin masu sayar da kayan gwari. Mace za ta ranci rufi 1000 da asuba, ta saro kaya, ta sayar 1100, da yamma ta mayar wa mai bashi 1050. Ta koma gida da 50. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 ne, a rana fa, ba a wata ba. Wato rabin guminta na mai bashi ne. A ƙasar Filifin ma akwai irinsa, har suna gare shi, 5-6: ka karɓi 5 ka biya 6. To ga inda masu wa'azin tari ke washe baki. In ta rage 5 kacal kullum, ta rage bashin gobe da ita, kuma ta riƙa mayar da kuɗin ruwan da ta tsira da shi cikin jari, cikin kwana 50 ko kusa da haka ta gama da mai bashi, abin da take kaiwa gida ya ninka. Lissafin daidai ne, ku buga a waya ku gani.

Sai masu bincike suka ce bari ma mu hutar da su kwana 50 ɗin. Dean Karlan da Sendhil Mullainathan da Benjamin Roth suka biya wa 'yan kasuwa bashin nan gaba ɗaya, a Indiya da Filifin, suka koma gefe suna kallo. Sakamakon ya fito a 2019: mafi yawansu cikin mako 6 sun koma bashi, kuma bayan shekara ɗaya zuwa biyu ba ka bambanta su da waɗanda ba a biya wa ba.

Na san abin da za ku ce. Kun gani ko, halinsu ne. A'a Malam, zauna. Lissafin kwana 50 yana da sharaɗin da ba a faɗa: kwana 50 a jere ba tare da komai ya faru ba. Ba zazzaɓin yaro, ba kwantai, ba ruwan da zai kore masu saye, ba jami'in da zai kwashe tire, ba mai gidan haya a ƙofa. A wace unguwar talakawa ake samun irin wannan kwana 50? Aljihun jari da aljihun cefane da aljihun magani aljihu ɗaya ne. Yaro ya kwana da zafin jiki, uwa ta duba, kuɗin da ke hannunta uwar kuɗi ce. Za ta bar shi ne don kada jari ya karye? Ta kai shi asibiti. Ranar ba ta fita ba, kayan jiya sun yi yaushi ta karyar da su, washegari da asuba ga ta a ƙofar mai bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya sun ce a 2017 kusan mutum miliyan 100 kuɗin magani ke jefawa cikin matsanancin talauci duk shekara. Ba shagali ba ne ya cinye jarin nan. Kuɗin ne ba ya kwana.

Batun wai ba sa tari ma ƙarya ne tsagwaronta. Talaka har biya yake a ajiye masa kuɗi. A Ghana masu karɓar susu suna zagaya kasuwa kullum su karɓi zubi, ƙarshen wata su mayar wa mutum kuɗinsa ban da zubin rana ɗaya, wannan ladansu ne. Mai albashi banki ke ba shi riba, 'yar kasuwa kuwa kusan kashi 3 cikin 100 take sarayarwa duk wata don kawai kuɗin ya bar hannunta. Me ya sa? Ta fi ka sanin cewa in ya kwana a ɗaki, maƙwabciya za ta ƙwanƙwasa, ɗan uwa zai zo da labari, kuma ba ta da ikon cewa babu, don gobe ita ce za ta ƙwanƙwasa. Adashe ma abin da ya sa yake raye ke nan duk da ana gudu da shi.

Kuma duk abin da ya shigo, talaka tsada yake saye. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2006 kan ci gaban ɗan Adam ya nuna mazauna unguwannin talakawa a Jakarta da Manila da Nairobi suna biyan ninki 5 zuwa 10 na abin da masu hali a birni ɗaya da su ke biya a kan ruwa. Mai hali famfo ya shiga gidansa. Talaka jarka yake saye, kuma cikin kuɗin jarkar akwai na mai rijiyar burtsatse, da man janareto, da gumin ɗan garuwa. Haka man girki a ƙulli, haka sabulu a yanka, haka gawayi a leda, haka magani ƙwaya biyu maimakon kati. Duk wanda ya saya a dunƙule ya samu rangwame, duk wanda ya saya a gutsure ya biya ladan mai gutsurawa. Sai wani ya ce to su riƙa sayen buhu mana. Da wane kuɗin? A ajiye a ina, a ɗaki ɗaya da mutum 7 da ɓera da rufin da ke yoyo?

Ɗan acaban da kuke gani yana ƙirga kuɗi da yamma kuna cewa ai suna samu, tsaya ka raba masa. Babur ba nasa ba ne. Balas ɗin mai babur ƙayyadadde ne, an yi ciniki ko ba a yi ba. Sannan mai. Sannan kuɗin ƙungiya da na tikiti. Juyen baƙin mai yana zuwa a kai a kai, faci ba ya sallama, kaca da birki da taya kowanne da lokacinsa. Abin da ya saura bayan duk waɗannan shi ne nasa, shi ya sa awannin farko na yini wa wani yake yi wa aiki. In ya tsallake juye don ya cika balas, inji ya buga, gyaran ya cinye na mako biyu. In kuwa yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan ce har babur ya zama nasa, to kwanciyar asibiti ɗaya ta isa a ƙwace babur a haɗa da duk abin da ya zuba.

Ga masu cewa ai wane da tire ya fara yanzu ga shi da shaguna: Allah ya ƙara masa. Sauran 99 ɗin da suka fara rana ɗaya da shi ba a kiran su taro su riƙe makirufo. Masu cewa ai duk suna da waya: da me kake so mai jinga ya kira lebura, da kalangu? Masu cewa a koya musu sana'a: an koya. An tara mata 50 a layi ɗaya an koya musu ɗinki, an raba keke, an ɗauki hoto. Masu kawo ɗinkin fa, an ƙaro su? Su ne dai maƙwabtan da ba su da kuɗin yadi. Bayan wata uku je ka duba inda kekunan suke. Ko ƙananan rance da aka yi ta kururutawa har Muhammad Yunus da bankin Grameen suka karɓi kyautar Nobel a 2006, binciken da aka fitar a 2015 daga ƙasashe 6, ciki har da Habasha da Maroko da Indiya, ya nuna yana da ɗan amfani, amma bai ɗaga kuɗin shigar yawancin masu karɓa ba.

Ni da gaske nake, ba gatse yanzu. In kana son mutanen nan su tara, rage musu ranakun da ke karya su. Ka kai famfo unguwar. Ka sa zazzaɓin yaro ya daina zama sanadin karyewar jari. Ka ba mai tire wurin da ta san gobe ba za a kore ta ba, don mai jiran kora ba ta ƙara jari, kayan da za ta iya gudu da su kawai take sarowa. A Kenya an gano cewa in musiba ta faɗa wa gida, waɗanda ba sa amfani da M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta waya, abin da suke kashewa kan bukatun gida yana raguwa da kusan kashi 7 cikin 100, masu amfani da shi kuwa ba ya raguwa, don taimakon dangi yana isowa ranar da ake bukata. Ba wanda ya gyara musu ƙwaƙwalwa. Kuma ka daina rusau da sunan tsaftace gari. A Zimbabwe a 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 700,000 ne suka rasa muhalli ko sana'a ko duka biyun sakamakon irin wannan rusau. Talaka ba don son kwata yake zaune a tsakiyar gari ba. Yana nan ne don da ƙafa yake isa wurin aiki. Ka kai shi bayan gari, ka ba shi ɗaki mai fenti, kuɗin mota ya cinye rabin yininsa.

Amma ina, wannan ba ya shiga bidiyon minti biyu, kuma ba a sayar da tikitin taro da shi.

Af, tun da maganar ta zo, ku masu tsayawa a gaban mai tire ku ce za ku yi tiransifa. Ka nuna mata fuskar waya ka ce ya tafi, ka ja mota. Kuɗi ya maƙale a hanya sai gobe ko jibi, ita kuwa mai bashi yau da yamma zai zo, kuma tsabar kuɗi yake karɓa. In ma ya shigo, sai ta biya mai na'urar cire kuɗi kafin ta riƙe abinta a hannu. Haka masu zuwa da sassafe da babbar takarda su sayi abu kaɗan, ta bar kayanta ta bi shaguna uku neman canji, kai kuma kana danna mata hon.