Indiyancin Rahama da harsunan 'yan matan Garwa

Guntun bidiyon Rahama Sadau tana Indiyanci ya sake zagayowa zaurukan WhatsApp na Garwa da ke arewacin Kamaru, masu gadin al'ada kuma sun fito kamar yadda suka saba: wai ta watsar da Hausa, wai ta zubar da mutuncinta don Indiyawa su tafa mata. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu maganar. Su ne dai ke kai waya shagon turi a cika musu memori da fassarar Algaita, su raba dare suna kallon jarumin Mumbai yana zuba Hausar Kano. Ba'indiye ya yi Hausa da bakin mai fassara, an sha dariya. Bahaushiya ta yi Indiyanci da bakinta, sai tsinuwa.

Kowa ya san abin da ya faru a 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kore ta daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. An zaci ta ƙare ke nan. Sai ga ta a shirin MTV Shuga, ga ta a fim ɗin Up North a 2018, a 2022 kuma ta fito a fim ɗin Indiya Khuda Haafiz kashi na biyu tare da jarumi Vidyut Jammwal. Masu rena abin suna cewa ai fitowar tata a fim ɗin Indiya kaɗan ce. To, su nuna mana tasu.

Kyawawa sun yi yawa a Kano, don haka kyau kaɗai bai isa ya kai ta can ba. Harshe ya kai ta. Furodusan da ke biyan hayar kyamara da abincin ma'aikata kowace rana ba shi da lokacin mai haddar layi kamar aku. Yana neman wadda darakta zai ce mata "sake, amma da fushi" ta gane nan take, ta san inda ake jan numfashi a jimla, ta san kalmar da ake dannewa.

Mu a arewacin Kamaru wannan jarin a hannunmu yake, mun kasa ganinsa. Yarinyar da ke zaune shagon mahaifiyarta a babbar kasuwar Garwa za ta yi cinikin atamfa da Fillanci, ta juya ta amsa wa Bakatsine da Hausa, ta rubuta rasit da Faransanci, duk cikin minti biyar. In 'yar Kusiri ce ta ƙara da Larabcin Shuwa. Babu wanda ya taɓa ce mata wannan ƙwarewa ce da ake biyan kuɗi a kanta. Hadiza Gabon daga Libreville ta taso da Faransancinta, sai da ta tafi Najeriya aka san da ita. A Injamena kuwa, Achouackh Abakar Souleymane ta ja ragamar fim ɗin Lingui na darakta Mahamat-Saleh Haroun, da Larabcin Cadi da Faransanci, fim ɗin ya shiga babbar gasar fina-finai ta Cannes a Faransa a 2021. Mutum nawa cikin masu zagin Rahama suka taɓa jin sunan Achouackh?

Za a ce fim na lalata tarbiyya. Wayar da ke hannun yaran gidan mai faɗin hakan ta riga kowane fim shiga ɗaki.

Gaskiyar maganar, ba al'ada ake karewa ba. Haushi ake ji mace ta fita daga inda aka ajiye ta, aka kore ta, ta ƙi rushewa. Da namiji ne ya yi Indiyancin nan da tuni an yi masa waƙa.

Attajiran Garwa da Marwa da ke zuba miliyoyin sefa a biki guda za su iya ɗaukar nauyin shiri ɗaya mai dogon zango, da Hausa da Fillanci, a sa fassarar Faransanci a ƙasa don mutanen Duwala da Yawunde su kalla. 'Yan wasan suna nan a makarantu da kasuwanni, in iyayensu za su bari.