Inuwar giginya: babbar jami'ar gwamnati da ɗan digiri na farko

Wani aminina da ke zaune a Amurka ya kira ni cikin dare, bakinsa har kunne, ya ce 'yarsa ta samu gurbi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Na yi masa barka, na sa wa yarinyar albarka. Can sai ya sassauta murya ya ce, "To Malam, tsakaninka da Allah, kuɗin da za a kashe ɗin nan zai biya kuwa?" Shi ba a Kalifoniya yake ba, a wata jihar yake, kuma jami'ar jiharsu ma ta ba yarinyar gurbi. Ban so in sanyaya masa gwiwa a daren ba, sai na ce ya ba ni kwana biyu. Ga abin da na tattara, na ga gara in baza shi a nan don na san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba.

Sunan Berkeley ba na banza ba ne. Tun 1868 aka kafa ta. A nan Ernest Lawrence ya ƙera na'urar da ta ba shi kyautar Nobel a 1939. Akwai sinadarai biyu a jadawalin kimiyya da ke ɗauke da sunan garin da na jihar, don a nan aka samar da su. Jennifer Doudna, wadda ta raba Nobel ta 2020 da Emmanuelle Charpentier kan fasahar gyaran ƙwayar halitta, malamar wurin ce. Har wurin ajiye mota na musamman ake ware wa malamin da ya ci Nobel, kuma wanda ya san wahalar fakin a garin zai ce wannan ma kyauta ce mai zaman kanta.

Amma duba abin da na lissafa da kyau. Duk bincike ne. Jerin jami'o'in duniya na Shanghai, wanda ake ta yaɗawa kowace shekara tun 2003, kashi 30 cikin 100 na makinsa daga kyautar Nobel da lambar Fields ta lissafi yake fitowa, yawancin sauran kuma daga maƙalun da malamai suka wallafa da yawan ambatonsu. Babu inda aka tambayi yarinya mai shekara 18 ko ta gane laccar jiya. Shi ya sa nake kiran irin wannan jami'a inuwar giginya, na nesa ka sha. Duniya na cin moriyar bincikenta, ɗalibin digirin digirgir na cin moriyar farfesanta, shi kuwa ɗan aji ɗaya da ke zaune a gindinta sau da yawa rana ce ke dukansa.

Ɗaliban digiri na farko a Berkeley sun haura 30,000. A Princeton, shahararriyar jami'a mai zaman kanta, ba su kai 6,000 ba. Kwas ɗin farko na kimiyyar kwamfuta, CS 61A, yakan tara ɗalibai fiye da 1,500 a zango guda, har wasu ta bidiyo suke bin lacca. Farfesa zai yi bayani ya tafi. Wanda zai zauna da kai a ƙaramin aji, ya duba aikinka, ya san fuskarka, ɗalibi ne mai neman digiri na biyu ko na uku, wanda shi ma nasa binciken ke jiransa. Ban raina su ba, wasunsu sun fi farfesan iya koyarwa don ba su manta yadda rashin ganewa yake ba. Sai dai a ƙarshen 2022, da ma'aikatan koyarwa da bincike kusan 48,000 na rassan Jami'ar Kalifoniya suka shiga yajin aiki na kimanin mako shida, kowa ya ga a kan wuyan wa koyarwar take. Ƙananan azuzuwa suka tsaya, sakamakon jarrabawa ya maƙale.

Maganar kuɗi kuma ita ce ta fi shafar aminina. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, jihar ta rage abin da take ba jami'ar, a 2009 aka ƙara kuɗin makaranta da kashi 32 cikin 100, sannan aka buɗe ƙofa sosai ga 'yan wasu jihohi da 'yan ƙasashen waje. Dalili a fili yake: baƙo yana biyan kusan ninki uku na abin da ɗan jiha ke biya, kuma tallafin karatu da wuya ya kai gare shi. Ga tsadar haya a yankin San Francisco, wadda sai wanda ya nemi ɗaki zai ba da labari. Ma'ana, aminina zai biya farashin jami'a mai zaman kanta ya karɓi cunkoson ta gwamnati. Idan da bashi za a yi, to a tuna tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba, kuma bashin karatu a Amurka yana cikin basussukan da ko kotun masu karayar arziki da ƙyar take yafewa.

To sunan ba zai dawo da kuɗin ba ne a kasuwar aiki? A nan akwai binciken da nake so kowane uba ya sani. Stacy Dale da Alan Krueger sun wallafa shi a 2002, suka sake bibiya bayan wasu shekaru. Sun kwatanta ɗaliban da manyan jami'o'i suka ɗauka kuma suka je, da waɗanda aka ɗauka amma suka zaɓi wata wadda ba ta kai ta suna ba. Da aka duba albashinsu daga baya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Wato ƙwazon da ya sa aka ɗauki yaron, shi ne ke binsa duk inda ya je. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai dai binciken yana da wutsiya, kuma ita ce ta hana ni yi wa waɗannan jami'o'i kuɗin goro. Ga 'ya'yan talakawa, da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda iyayensu ba su yi zurfi a boko ba, sunan ya yi aiki, albashinsu ya ɗaga. Ban yi mamaki ba. Ɗan mai hali yana da kawun da zai ɗaga waya a nemo masa aiki. Ɗan direban tasi ba shi da kowa, sai takardar da ke hannunsa da abokan da ya yi a aji. Ga irin wannan yaron, in ɗan jiha ne kuma tallafi ya rufe masa kuɗin makaranta, ban san cinikin da ya fi babbar jami'ar gwamnati riba ba. Binciken Raj Chetty da abokansa na 2017 ya gano kwalejoji 38 da 'ya'yan kashi 1 cikin 100 na iyalai mafi samun kuɗi suka fi 'ya'yan kashi 60 na ƙasa yawa a cikinsu, biyar daga ciki 'yan rukunin Ivy ne, wato tsofaffin manyan jami'o'i masu zaman kansu irin su Princeton. Wadda ta zo kan gaba wajen ɗaga talaka zuwa sama kuwa Jami'ar Jihar Kalifoniya ce ta Los Angeles, wadda ba wanda ke bugun ƙirji da sunanta a wurin biki.

Ɗan Kalifoniya ma yana da wata hanyar. Tsarin ilimi mai zurfi da jihar ta zana a 1960, wanda Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya na lokacin, ke cikin jagororinsa, ya ba da damar a yi shekara biyu a kwalejin al'umma mai araha, sannan a ƙaura zuwa babbar jami'a a ƙarasa. Takardar da za a ba ka ba ta da bambanci da ta wanda ya shekara huɗu.

Bayan kuɗi, abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne halin yaron kansa, kuma nan ne iyaye suka fi yaudarar kansu. A irin wannan wuri komai akwai: ɗakunan gwaje-gwaje, laburare mai miliyoyin littattafai, kamfanonin fasaha a maƙwabta, malaman da sunansu ke bangon littafin da kake karantawa. Amma ba wanda zai kawo maka. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis don ɗalibai, kuma waɗanda ke zuwa su ne a ƙarshe ke samun gurbin bincike da takardar shaida mai nauyi. Yaron da zai aika wa farfesa goma saƙo, tara su yi shiru, ya sake aikawa, wannan zai fita da abin da ya fi kuɗinsa. Mai kunya, wanda sai an kira sunansa yake magana, zai iya shekara huɗu ba malami ɗaya da ya san shi, in ya faɗi jarrabawa ma sai kwamfuta ce za ta lura. Ba laifinsa ba ne, wurin ne ba a gina shi don irinsa ba. Fanni ma yana da nasa. Mai son kwamfuta ko harkar kuɗi ko zama malamin jami'a, sunan zai buɗe masa ƙofar farko. Mai son aikin jinya ko koyarwa ko akanta, lasisi za a tambaye shi. Mai nufin likitanci kuwa wata doguwar makaranta mai tsada na gabansa, gara ya adana kuɗinsa ya fito da maki mai kyau.

Da na sake kiran aminina, na ce masa da ɗan Kalifoniya ne da ban tsaya dogon bayani ba, sai in ce ta tafi. A farashin baƙo kuma da bashi, ni ba zan yi ba. Sai na ce ya ba ni yarinyar. Na tambaye ta yaushe rabon da ta bi malami bayan an tashi aji don ya sake yi mata bayani. Ta yi dariya ta ce, "Baffa, malamin lissafinmu har ɓuya yake yi in ya hango ni." Uban ya karɓi wayar ya ce na ƙara rikita masa lissafi. Suna da har 1 ga Mayu su ba jami'ar amsa.