Na Tsare Bakina a Fotugal, Ƙafafuna Suka Ci Amanata

Ana gobe zan tashi, Hajiyarmu ta kira ni ta yi mini huɗubar da ta fi ta Juma'a tsawo. Jigon huɗubar guda ne: “Ka kula da abin da za ka sa a bakinka, ƙasar mutane za ka.” Na ce in sha Allah, Hajiya. Ba ta ambaci ƙafa ba, ni ma ban kawo ta a lissafi ba.

Taron bita na kwana uku kan noman rani ne ya kai mu Lisbon, ni da wani abokin aikina ɗan Jos, Kirista, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da nawa. Da aka tashi taro muka ƙara kwana huɗu da kuɗin aljihunmu. Ni dai burina in ga gonakin inabi, domin ina da ’yar gona a wajen Hunkuyi, inda noman inabi ya kankama, kuma shekara uku ke nan ina fama da ita. Shi ma ɗan Jos ya ce inabin ne ya kawo shi. Da na tambaye shi ɗanye ko wanda ya kwana, da na huta.

Daren farko a Lisbon muka shiga wani ɗan gidan abinci a Alfama, tsohuwar unguwar nan mai lunguna kamar cikin birnin Zariya, wadda sunanta ma daga Larabci ya samo asali. Muna zama, kafin mu buɗe baki, aka dire mana burodi da zaitun da cuku da man shanu. Na ce Allah sarki, mutanen nan sun san darajar baƙo. Na share faranti, aka ƙaro, na sake sharewa, har ina yi wa mai hidimar addu'a da Hausa. Sai da takardar kuɗi ta zo na ga kowane ƙwayar zaitun da lissafinsa. Sunan abin “couvert”. In ba ka taɓa ba babu ruwanka, in ka taɓa ka saya. Ɗan Jos ya san haka tun farko, ya zuba mini ido, wai ba ya son ya katse mini addu'a.

Ban da wannan, Lisbon ba ta ba ni wahala ba. A wajen Martim Moniz akwai gidajen abincin halal na ’yan Bangaladash da Fakistan jere da juna. Ga kuma bacalhau, busasshen kifin da suke ji da shi kamar yadda muke ji da tuwo. Ɗan uwan kifin nan ne mai kama da itace da ’yan kudu ke sa wa miya, har ma yawancinsa daga Norway ake kawo musu kamar namu, sai dai nasu da gishiri ake adana shi, sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu kafin a dafa. Suna cika baki wai suna da hanyar dafa shi 365, kowace rana da tata. Ni ɗaya na riƙe, wanda ake yagalgala kifin a soya da siraran dankali da ƙwai. Na kuma bi layi a Belém na sayi pastel de nata a shagon da ke gasa shi tun 1837, ɗan ƙaramin kek mai ɓawo ƙaras-ƙaras da kwastad a tsakiya, ana barbaɗa masa kirfa. Na ce zan ci ɗaya don ɗanɗano. Na ci biyar a tsaye.

Kalmomi biyu na haddace don tsaron kaina: “sem porco”, ban da alade, da “sem álcool”, ban da giya. Da su na hau jirgin ƙasa zuwa Porto, tafiyar awa uku, ina ta maimaita su kamar ɗan makarantar allo.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsakanin “porco” da “Porto” harafi ɗaya ne. Kuma Porto ba sunan gari da kulob ɗin ƙwallo kaɗai ba ne, sunan giyarsu ne da duniya ta san su da ita. Muka zauna cin rana, na ga kowa na cin wani tulin abu da aka lulluɓe da narkakken cuku, yana iyo cikin jar miya, da ƙwai a bisa. Francesinha sunansa. Na nuna da yatsa, na gyara murya na ce “sem Porto”. Mai hidima ya gyaɗa kai cikin girmamawa. A fahimtarsa na ce kada a kawo mini giya, alade kuwa a sake shi. Har na ɗaga cokali mai yatsu, ɗan Jos ya riƙe mini hannu, ya sa wuƙa ya ɗaga cukun kamar likita na duba ciwo. Hawa-hawa ne a ciki: naman sa a tsakiya, alade iri biyu sama da ƙasa, miyar kuma da giyar sha'ir aka haɗa ta. Ya ce, “Alhaji, wannan ko ta ina ka shigo masa haramun ne.” Ya jawo farantin gabansa cikin tausayi, ya ci nasa ya ci nawa. Na koma wa bacalhau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tumbi. Mutanen Porto laƙabinsu ma “tripeiros”, wato maciya kayan ciki. Suna ba da labarin cewa a 1415, da ake shirya jiragen ruwan yaƙin da suka je suka kama Ceuta, wani gari a gaɓar arewacin Afirka, garin ya ba da namansa duka ya tsira da kayan ciki. Na ce yauwa, na samu ’yan uwana, a kawo farfesu. Aka kawo shi da farin wake yana tururi, ga kunnen alade a tsaye a tsakiya kamar yana sauraron abin da zan ce.

Ɗan Jos ne ya shirya mana ziyarar gona, “quinta” a bakinsu. Da sassafe muka hau jirgi a tashar São Bento, wadda aka manne bangonta da shuɗayen tayil masu zane kusan 20,000, muka nufi Pinhão. Daga wani waje layin dogon yana manne da kogin Douro har kana ganin kamar za ka iya miƙa hannu ka ɗebi ruwa. Watan Satumba ne, tsakiyar kakar inabi. Na yi shiru a bakin taga, domin duk abin da nake kira wahala a gonata ya zama wasan yara. Tsaunuka ne a tsaye, an yanka su mataki-mataki, kowane mataki an tokare shi da katangar dutse da aka jera da hannu, tun daga bakin ruwa har inda wuya ke iya ɗagawa. Ƙasar ma ba ƙasa ba ce, wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle, saiwar inabin ke bin tsagarsa ta nutsa neman danshi. Mutanen yankin na cewa shekararsu wata tara na hunturu ce da wata uku na jahannama. Ranar muna ƙarshen na jahannamar.

Wata matashiya ce ta zagaya da mu, mu goma sha biyu, yawanci Turawan Ingila. Ni kaɗai ke tambayar taki da aski da tazarar shuka, ina rubutawa. Ta tsinko mana Touriga Nacional, ’yan ƙananan ’ya'ya baƙaƙe masu kaurin fata da ƙwallaye, amma zaƙi kamar an jiƙa su a zuma. Ta ce tun 1756 Marquês de Pombal, babban ministan ƙasar a lokacin, ya sa aka shata iyakar wannan yanki da turakun dutse, a 2001 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Na ce to a wace kasuwa ake kai inabin, nawa ne kwando? Ta dube ni, ta dubi ɗan Jos. Ɗan Jos ya dubi sama. A nan ne na gane cewa duk tsaunukan nan, daga wannan gaɓa har waccan, ba don a ci ake noma su ba.

Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi, kowa da kofi uku a gabansa, fari da ja da mai ruwan ƙasa. Ta yi bayanin yadda ake yi: ruwan inabin ya fara tsima kwana biyu ko uku, sai a zuba masa barasa mai ƙarfi ta tsayar da tsimin tun sukarin bai ƙare ba, shi ya sa take da zaƙi kuma ƙarfinta ya kai kashi 20 cikin 100. A da da kwale-kwalen “rabelo” ake gangara da gangunan zuwa rumbunan Vila Nova de Gaia, tsallaken Porto. Na naɗe hannu, na ce “sem álcool”, wannan karon daidai. Aka kawo mini ruwa da burodi da man zaitun, na fara tambaya ko couvert ne. Matashiyar ta bi kowa tana tambayar ƙamshin me ya ji. Da ta zo kaina na ce ni daga nan inda nake zaune, warin zoɓon da ya kwana biyu a jarka nake ji, da ɗan dabino. Ɗan Jos ya fassara, ban san me ya ƙara ba, sai ga ta tana tafi, wai busassun ’ya'yan itace, hancina ya fi na kowa. Wani dattijon Bature har ya matso yana neman ra'ayina kan kofi na uku. Akwai bokitin da aka ajiye don mai ɗanɗanawa ya tofar. Ɗan Jos ya ce almubazzaranci ne. Ya shanye ukunsa, ya shanye ukuna.

Bayan na yi alwala na yi la'asar a gindin wani zaitun, aka ce mu zo “lagar”. Wani faffaɗan kwarmi ne na dutse, cike da inabi har gwiwa. Ma'aikata sun jeru sun saƙale hannu a kafaɗun juna, wani na kiran hagu, dama, suna takawa a hankali kamar sojoji cikin taɓo. Daga baya aka saki layi, mai akodiyon ya kama kiɗa, aka gayyaci baƙi. Dalilin ƙafa, in ji ta, shi ne tana fasa fatar inabin ba ta fasa ƙwallon, wanda ɗaci gare shi. Ni kuwa hadisin nan ya faɗo mini, na mutum goma da aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta. Na ja da baya taku biyu. Ɗan Jos tuni ya karɓi gajeren wando ya wanke ƙafa ya faɗa ciki, kofi shida na aiki. Ya miƙo mini wayarsa: “Alhaji, ɗauke ni, don Allah ka matso, fuskata ba ta fita.”

Na matso. Na sunkuya.

Hular da ke kaina zanna bukar ce, surukina ya ba ni ranar sunan ɗana na fari, kuma duk zuwan da zan yi gidansa sai ya duba kaina. Na ga ta tafi a hankali, ta sauka a kan inabin ta zauna daram kamar an aza ta. Masu rawa sun sake jeruwa, ga su nan tafe, ƙafa ashirin. Na yi ihu da Hausa, na yi da Turanci, na ce “sem porco” don ita ce ta zo bakina. Akodiyon ya danne ni. Ban san lokacin da na tura wa wata Baturiya wayar, na fizge takalma, na dira ciki da farin wandon shadda ba.

Sanyi ne ya fara ratsa ni, sai santsi. Ƙwallaye suka shiga tsakanin yatsuna. Ina shirin kifewa wani tsoho mai gashin baki ya saƙalo hannuna, ɗan Jos ya cafke ɗayan, aka yi shewa, wai gwanin hanci ya shigo. Ina cewa “hulata, hulata”, su kuma sun ɗauka waƙar garinmu ce, suna amsawa. Layi ya tafi da ni. Taku bakwai na yi, na ƙirga, domin na san za a tambaye ni. Mai kula da wurin yana ta faɗa daga baki wai ban wanke ƙafa ba, ɗan Jos na rantse masa cewa duk cikin kwarmin nan babu ƙafar da ta kai tawa tsarki, yanzu na yi alwala. Tsohon ne ya tsamo hular da babban yatsan ƙafarsa, ya matse ta, ya ɗora mini a ka. Ruwan ya gangaro ta bayan kunnena.

Baturiyar, Allah ya saka mata, ba ta tsayar da bidiyon ba ko daƙiƙa ɗaya. Ɗan Jos kuma a jirgin komawa, kafin barci ya kwashe shi a kafaɗata, ya ɗora shi a WhatsApp. Ya manta ƙanin matata na da lambarsa.

Ba mu kai ko tashar Régua da ke kusa da Pinhão ba wayata ta yi ƙara.

“Ka sha?”

“Wallahi Hajiya ko ɗigo.”

“To me ka shiga yi?”

“Hula ce ta faɗa.”

Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ta ce, “Hula nawa gare ka a gida?” Na ce goma sha ɗaya. Ta ce in na dawo in biya ta wajen Malam kafin in shigo mata gida, kuma in zo da ƙafafun ta gan su.

Malam ya saurare ni, ya tambayi niyya, ya tambayi taku nawa, ya nemi a nuna masa bidiyon, ya kalla sau biyu yana rufe baki da rawani, ya ce in yi istigfari in kuma riƙa sa hular da ta kama kai. Uwargida ta jiƙa wandon kwana uku, daga gwiwa zuwa ƙasa ya tsaya a kalar zoɓo, yanzu da shi nake zuwa gona. Hular na ɓoye ta a ƙasan akwati, surukina ya tambaya sau biyu na ce tana wajen wanki.

Makon jiya ɗan Jos ya leƙo ofishina da fara'a. Wai ya rubuta wa masu gonar, sun ce nan da ’yan shekaru za a zuba ta wannan kakar a kwalba, kuma ya sa a ajiye masa guda. Na ce ni ina ruwana, babu sa hannuna a ciki.

Ya ce, “Hannu kam babu, Alhaji.”