Idan mage mai ciwon sukari ta daina cin abinci

A gidajenmu na Katsina akwai magunan da ba sa fita farautar ɓera, suna kwance ana ciyar da su har su yi ƙiba, kuma irinsu ne ciwon sukari ya fi kamawa, musamman muzurun da aka dandaƙe idan ya manyanta. Wanda ya kai ga gano ciwon har yana yi wa magensa allurar insulin safe da yamma ya yi ƙoƙari. Damuwata ita ce ranar da magen za ta juya wa kwanonta baya, domin a ranar ce mai ita yake fara ƙara allura ko rage ta bisa zato, alhali wataƙila wani ciwon ne, wato kumburin fankiriyas, ya taso a ƙarƙashin na farko.

Fankiriyas wani sashe ne da ke kwance a gefen tumbi da farkon ƙaramin hanji, shi ke samar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, shi ne kuma ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci. Idan ya kumbura, sukari yakan ƙi daidaita, yau ya hau gobe ya faɗi, ko da ba a sauya yawan allura ba. Kare mai wannan kumburi yakan yi amai ya nuna ciwon ciki, amma mage ɓoye ciwo take yi. Abin da za a gani shi ne kasala da ƙin cin abinci da bushewar jiki, alamun da kusan kowace cuta ke iya kawowa. A wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, an duba fankiriyas na maguna 115 bayan mutuwarsu, aka sami alamar kumburi a kashi 67 cikin 100, har da kashi 45 cikin 100 na waɗanda ake ganin lafiyarsu ƙalau.

Babu gwaji guda da ke yanke hukunci. Awon amilas da lifas (sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa) na yau da kullum, wanda ɗakunan gwajin jini suka saba yi wa mutane, ba abin dogaro ba ne ga mage. Wanda ya fi amfani shi ne awon lifas na fankiriyas ɗin mage kanta, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Texas A&M, kamfanin IDEXX kuma ke sayar da shi da sunan Spec fPL, amma shi ma yakan kasa kama ciwon idan mai sauƙi ne kuma ya daɗe. Hoton ciki na sikanin yana taimakawa gwargwadon ƙwarewar hannun da ke riƙe da na'urar. Ko yanko ɗan naman fankiriyas a duba, wanda shi ne mafi tabbaci, yana iya kuskurewa saboda kumburin tsilli-tsilli yake zama, ga haɗarin tiyata ga dabbar da ta galabaita. A jikin mage bututun fankiriyas da na matsarmama sukan haɗu kafin su shiga hanji, shi ya sa likita mai lura ba ya duba fankiriyas kaɗai ya bar hanta da hanji.

Likitocin dabbobinmu shanu da tumaki da kaji ne mafi yawan aikinsu, kuma neman irin wancan gwaji na iya kai mutum har asibitin koyarwa na dabbobi da ke Zariya ko Sakkwato. Saboda haka ra'ayina shi ne, a nan garin babu kayan bincike da ya kai littafin da mai mage ke rubuta abin da ta ci, da ruwan da ta sha, da nauyinta, da lokacin allura, da awon sukarin da ya ɗauka daga gefen kunnenta a gida. Awon gida yana da daraja ta musamman domin tsoro kaɗai yana ɗaga sukarin mage a gaban likita. Sai dai kafin a zargi fankiriyas, a tambayi insulin ɗin kansa, domin wanda ya kwana a firjin da ba wuta cikin zafin Afrilu yana iya rasa ƙarfinsa.

Ba na goyon bayan a jira a ga abin da gobe za ta haifar. Cikakkiyar allura ga magen da ba ta ci ba tana iya kayar da sukarinta har ta suma, dakatar da allurar baki ɗaya kuma yana iya tara guba mai tsami a jininta, sannan kwanaki kaɗan na yunwa sun isa kitse ya cika hantar mage mai ƙiba. Likita ne zai faɗi yawan allurar da za a yi a wannan rana, ya sa mata ruwa, ya ba ta maganin tashin zuciya da na raɗaɗi, ko da sakamakon gwaji bai fito ba. Kada a je kemis a sayo mata deksametason don ta ci abinci, domin yana ƙara hawan sukari, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.