Ni da gwaggon birin Wikki

Kyamarata Nikon D40 ce, ƙirar 2006, gadon kawuna mai hoton biki. Rigima ta sa na sayo mata dogon gilashi na hannu, 70-300, mai zuƙo nesa. Sai da na dawo gida na gane ita ba ta da injin saita gani a jikinta, shi ma tsohon gilashin ba shi da nasa. Wato da yatsu zan yi ta murzawa har hoto ya fito tangaran.

Haka na kama hanyar gandun dajin Yankari, ina jin kaina.

Da sassafe, ga hazo, motar yawo ta bi da mu gefen kogin Gaji. Jagoranmu ya rage murya: "Yallaɓai, ga giwa can!" Na ɗaga, na hau murza. Gilashin nan ba shi da abin hana girgiza, in ka zuƙo shi ƙarshe ko numfashi ka ja sai daji ya yi rawa. Kamata ya yi saurin ɗauka ya kai 1/500 na daƙiƙa, amma ina hasken? Na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, hoto ya fito kamar an watsa masa gero. Kafin in gama lissafi giwa ta shige kurmi. Wani yaro a gefena kuwa ya ɗauke ta da wayar uwarsa, har da bidiyo.

Na koma bakin ruwan ɗumi na Wikki, na buɗe ledar masata don in huce. Sai ga wani ƙaton gwaggon biri ya zauna daram a gabana. Na ce alhamdulillahi, nama ya kawo kansa! Na leƙa, dishi-dishi. Ashe gilashin ba ya kama abin da bai kai nisan mita ɗaya da rabi ba. Na ja baya, ya matso. Na ƙara ja, ya ƙara matsowa, har sai da ya iso inda leda take. Daga nan bai sake bi ta kaina ba, ya sure ta ya haye bishiya. A can ne fa ya fito min tas, har gashin hancinsa.

A gida na nuna wa maiɗakina giwar, ta ce, "Wannan suri ne?" Da ta zo kan birin sai ta ƙura ido.

"Baban Abba, wannan ba masar da na tashi da asuba na soya maka ba ce?"